Kwaikwayon Murya da Na'ura: A Fara Neman Izinin Mai Murya

Kowane mutum da irin muryarsa. Uwa takan gane muryar ɗanta a cikin hayaniyar yara, makaho kuma yakan gane maƙwabcinsa daga sallama kawai. Tun da aka fara amfani da wayar tarho, mutane suka ɗauki murya a matsayin shaida. Idan ka ji muryar wanka, ka tabbata shi ne yake magana. A yau wannan tabbaci ya fara rauni, domin kwamfuta ta koyi kwaikwayon muryar ɗan Adam.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Akan ba wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira maganar mutum da aka naɗa. Sai manhajar ta nazarci kaurin muryar, da saurin maganar, da yadda sauti yake hawa da sauka, da wuraren da mai maganar yake numfasawa. Bayan haka, duk abin da aka rubuta mata za ta karanta shi da muryar mutumin, ko da bai taɓa furta waɗannan kalmomi ba. A da, sai an tara maganar sa'o'i masu yawa kafin a yi haka. Amma a watan Janairu na 2023 kamfanin Microsoft ya bayyana manhajar VALL-E, wadda ya ce maganar daƙiƙa 3 ta ishe ta.

Babu shakka wannan fasaha tana da amfani, musamman ga marasa lafiya. Val Kilmer, ɗan wasan fim na Amurka, ya rasa muryarsa bayan ya yi fama da ciwon daji na maƙogwaro. A 2021 kamfanin Sonantic ya yi amfani da tsofaffin maganganunsa, ya sake gina masa murya. Haka kuma Jennifer Wexton, wadda a lokacin 'yar majalisar wakilan Amurka ce, ta kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa da ta hana ta magana sosai. A watan Yuli na 2024 ta yi jawabi a zauren majalisa da muryarta ta dā, wadda na'ura ta kwaikwaya. Ga irin waɗannan mutane, dawowar murya dawowar mutunci ce. Fasahar za ta iya kuma karanta wa makafi littattafai, ta taimaka wa mai koyon sabon harshe ya ji yadda ake furuci.

To, amma wuƙar da take yanka nama ita take yanka hannu. A 2019 'yan damfara suka kira shugaban wani kamfanin makamashi a Birtaniya da murya irin ta maigidansa da ke Jamus. Suka umarce shi ya tura kuɗi cikin gaggawa, shi kuwa ya tura Yuro 220,000. Mutumin ba wawa ba ne. Ya ji muryar da ya sani ne, ya yarda da kunnensa.

Siyasa ma ba ta tsira ba. A watan Janairu na 2024 dubban masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka suka sami kiran waya da murya irin ta Shugaba Joe Biden, tana cewa kada su fita zaɓen fitar da gwani. Muryar ta ƙarya ce. A Sudan kuwa, a 2023, lokacin da ƙasar take cikin yaƙi, an yaɗa wasu maganganu a TikTok da sunan tsohon shugaba Omar al-Bashir, kuma binciken BBC ya nuna cewa kwaikwayo ne. A ƙasar da zukata suka riga suka yi zafi, magana ɗaya ta ƙarya tana iya jawo asarar rayuka.

Akwai wata illa da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Idan kowa ya san ana iya ƙirƙirar murya, to mai laifin da aka naɗi maganarsa ta gaskiya zai iya cewa na'ura ce ta yi. Ke nan ƙarya tana samun riba sau biyu: a gaskata abin da ba a faɗa ba, a kuma ƙaryata abin da aka faɗa.

Wasu suna ganin mafita ita ce a haramta fasahar gaba ɗaya. Ban yarda da wannan ra'ayi ba. Manhajojin sun riga sun bazu a intanet, kuma ɗan damfara ba ya jiran izinin hukuma. Haramcin zai fi cutar da marar lafiyar da yake neman muryarsa. Idan muka duba misalan da suka gabata, za mu ga abu ɗaya ne ya raba na kirki da na banza, wato izini. Kilmer da Wexton sun yarda a kwaikwayi muryoyinsu. Biden da maigidan nan na Jamus kuwa babu wanda ya tambaye su. Saboda haka, a ganina, murya dukiyar mai ita ce, kamar fuskarsa da sa hannunsa. Bai kamata a kwaikwaye ta ba sai da yardarsa, kuma dole a sanar da mai sauraro cewa na'ura ce take magana.

Wasu hukumomi sun fara bin wannan hanya. A watan Fabrairu na 2024 hukumar sadarwa ta Amurka ta bayyana cewa kiran jama'a ta waya da muryar na'ura ba tare da yardarsu ba ya saɓa wa doka. A shekarar kuma jihar Tennessee ta kafa dokar kare muryoyin mawaƙa da sauran jama'a. Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda za a iya ɗorawa a kanta. Ya kamata 'yan majalisarmu su fayyace hukuncin satar murya, domin a kare mawaƙa da ma'aikatan rediyo da duk wanda muryarsa ce hanyar cin abincinsa.

Sai dai doka ba za ta ɗauki waya a madadinka ba. Idan ka ji muryar ɗan'uwanka yana kuka yana neman kuɗi nan take, kada ka yi gaggawa, domin sauri kan haifi nawa. Katse kiran, ka kira shi da lambar da ka sani. Yana da kyau kowane iyali su zaɓi wata kalmar sirri da za su riƙa tambaya a irin wannan hali. Idan kuma aka turo maka saƙon murya a WhatsApp da sunan wani shugaba ko malami, ka bincika asalinsa kafin ka tura wa wani.

Hausawa sun daɗe da cewa gani ya kori ji. A zamanin da na'ura take iya aron bakin kowa, wannan karin magana ya ƙara nauyi. Mu karɓi fasahar domin alherin da ke cikinta, mu nemi izinin mai murya kafin mu taɓa muryarsa, mu kuma tabbatar da abin da muka ji kafin mu gaskata shi.