Kada a yi rowar zare

Yara, kowa ya dubi rigar da ke jikinsa. Ku juya bakin hannunta, ku dubi ɗinkin ta ciki. Mene ne ya riƙe wannan ƙyalle da wancan? Zare ne. In aka warware shi, ba sauran riga, sai guntayen yadi huɗu ko biyar. Amma duk cikin kayan da ake haɗa riga da su, ba wanda ake rainawa kamar zare. Ni a ganina wannan kuskure ne, kuma kuskuren yana cin kuɗin iyayenku kowace Salla.

Ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Wata shekara, Salla saura sati uku, na tafi Maraɗi na sayi farar shadda. Na ɓata rabin yini a kasuwa. Na shafa wannan, na ɗaga waccan ga rana, na yi ciniki har maƙogwarona ya bushe. Da na komo gida, sai na kai ta wurin wani tela, na ce a yi mini aikin wuya da shuɗin zare. Ya ce: «Malam, wane irin zare za a sa?» Na ce: «Kowane ma, mai sauƙin kuɗi. Zare ai zare ne.» Ranar Salla riga ta yi kyau, kowa yana yabawa. Wankin farko, shuɗin ya zuba. Gaban rigar ya koma kamar an watsa mata tawada. Na ɗauke ta da fushi na koma wurin tela. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce: «Malam, ai na tambaye ka.» Ban sami ta cewa ba, don gaskiyarsa ce.

Mu yi lissafi irin na aji. Mu ɗauka mutum ya sayi shadda ta jika 20, ya biya tela jika 5. Mu ce zare mai kyau da zai isa aikin na jika 1 ne, marar kyau kuwa na rabin jika. Nawa mutumin ya tsira da shi in ya zaɓi marar kyau? Rabin jika, watau dala 100. Nawa ya sa cikin haɗari? Jika 25 cur. Ko ɗan aji uku ya san wannan ciniki bai yi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin mamaki, mukan tuna da wannan magana wurin sayen yadi, mu manta da ita wurin sayen zare.

Kakanninmu ba su yi wannan mantuwa ba, don da hannunsu suke yin zaren. Ku tambayi tsofaffin mata na Gangara, ko na Gazawa, ko na Gidan Runji. Za su gaya muku yadda ake gurzar kaɗa bisa dutse a fitar da gurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sannan a kaɗa ta da mazari. Mazarin yana juyawa cikin tasku, mai kaɗi tana shafa alli ga yatsunta don kada su yi santsi. Za ta kaɗa siririn zare mai murɗa sosai, wanda masaƙi zai ja a tsaye. Za ta kaɗa abawa mai kauri da laushi, wadda za ta ratsa shi. Ba ta haɗa su, don kowane da aikinsa. Matar da ta kwana uku tana kaɗi kafin ta cika mazari ba za ta ce maka zare zare ne ba.

Masu aikin babbar riga su ma sun san darajarsa. Akwai zaren tsamiya. Wasu tsutsotsi ne ke cin ganyen tsamiya, su saƙa wa kansu gida guda, su taru ciki. Sai a ɗebo gidan, a dafa shi da toka, a wanke, a kaɗa kamar kaɗa. Akwai kuma alharini, jan siliki da ayari ke kawowa daga Tarabulus, ya ratso hamada bisa raƙuma. A farkon shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya biyo ta Tasawa da Gazawa, ya wuce Katsina, ya isa Kano. A kasuwar Kano ya ga wannan siliki, ya kuma rubuta cewa da shi ake yi wa riguna ado. Ku lura da kyau: mutane sun yarda a ɗauko musu zare tafiyar watanni, don aska biyu ko aska takwas ta fito yadda ya kamata a gaban riga. Mu kuwa zare yana nan bakin kasuwa, amma zaɓensa ya gagare mu.

Wani zai ce to, mu koma ga mazari mana. A'a, ban ce haka ba. Zaren hannu yana da kauri nan, siranta can. Allurar hannu tana haƙuri da shi, keken ɗinki ba ya yi. Kuma keke ba abokin gabanmu ba ne. An taɓa yi masa wannan kallo a wani wuri. A Faransa wani tela mai suna Barthélemy Thimonnier ya ƙera keken ɗinki a 1830, ya buɗe ma'aikata a Paris mai kekuna wajen 80, ana ɗinka kayan soja. A 1831 teloli suka taru suka farfasa kekunan, don tsoron kada abincinsu ya ƙare. Wannan bai hana keke yaɗuwa ba. A 1851, shekarar da Barth ya ratsa ƙasarmu, Isaac Singer ya fito da nasa keken a Amurka. Yau ba kasuwar ƙauye da ba za ka ji ƙarar keke a rumfar tela ba, ko Singer ko Butterfly na ƙasar Sin. Da ba don su ba, da yawancinku ba ku sa sabuwar riga ranar Salla ba.

Sai dai keke yana wahal da zare fiye da hannu, kuma a nan ne rashin sani ke yin ɓarna. Keken ɗinki da zare biyu yake aiki. Ɗaya yana saukowa daga bisa ta kafar allura. Ɗaya yana naɗe ga kwarkwaro, cikin ƙoshiya, a ƙarƙashi. Allura ta huda yadi ta kai na bisa ƙasa, ƙoshiya ta sarƙe shi da na ƙasa, sannan a ja su su ƙulle. Ɗinki mai kyau shi ne wanda ƙullin ya ɓuya a tsakiyar yadi, ba a ganinsa ta sama, ba a ganinsa ta ƙasa. In na bisa ya yi tauri da yawa, sai ya jawo na ƙasa waje, yadi ya tattare. In ya yi sako-sako, sai ka juya riga ka tarar da zare ya yi cunkus kamar sheƙar tsuntsu. Kafin ɗan guntun zare ya zauna cikin yadi, sai ya yi kai da komo cikin kafar allura sau da yawa, da sauri, allura kuma tana zafi. Zare mai gashi-gashi ko mai ƙulli ba ya jure wannan. Zai tsinke, tela ya tsaya ya zura, ya sake tsinkewa. Duk inda aka tsaya aka sake farawa, nan ne riga za ta fara ɓarkewa.

Allura ma sai ta dace da zare. Lambar da ke jikin takardar allura ba ado ba ce. Lamba 14 ta fi 16 siranta, 16 ta fi 18. Ga zare kuwa abin a juye yake: a yawancin zaren keke, lamba 60 ta fi 40 siranta. Tela da ya zura zare mai kauri cikin siririyar allura, shi ya jawo wa kansa tsinkewa, ba keke ba. Na ga teloli suna zagin keke, suna kwance shi, suna zuba masa mai, alhali laifin yana ga allurar da ta dakushe tun watan jiya.

Keken surfani kuma wani abu ne dabam. Akwai irin wanda ake kira Cornely, da aka fara ƙerawa a Paris a shekarun 1860. Shi da zare guda yake aiki, yana yin sarƙa. Mai aiki yana juya wani ɗan hannu a ƙarƙashin tebur, ɗinki yana bin zane duk inda ya karkata. Aikin yana da kyau, yana da sauri, amma sarƙa tana da hali ɗaya: in ta tsinke wuri guda aka ja bakin zaren, sai ta bi ta warware. Ka ga ke nan a surfani zare marar ƙarfi ya fi yin ɓarna. Ga shi kuma aikin wuya shi ke shan zufa, shi ke shan sabulu, shi ke shan dutsen guga mai garwashi, in shadda ce kuma a kai ta wurin masu bugu.

Yaya za a gane zare? Ba wuya, kuma ba a bukatar wani kayan aiki. Ka tsinki guntu, ka kanga shi ga haske. In gashi ya tsaya masa ko'ina, ka ajiye. Ka naɗe shi ga yatsu biyu ka ja. In ya tsinke ba tare da ka ji shi ga fata ba, ko dai ba shi da kyau, ko ya tsufa a rana. Ka jiƙa shi da ruwan sabulu, ka danna shi cikin farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, rigarka ma za ta ɗauka. Wannan gwaji na minti biyar ne, shi ne ban yi ba a waccan shekara. Sannan, tare da babba, a kai bakin zaren ga wuta. Na kaɗa yana ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi. Na siliki yana warin ƙonannen gashi. Na roba, wanda ake kira poliyesta, yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Na roba yana da ƙarfi ƙwarai, ba ya tsukewa a wanki, amma dutsen guga mai zafi da yawa yana iya narkar da shi. Akwai wani mai walƙiya da ake so wurin surfani, ana ce masa reyon. Yana ɗaukar ido, sai dai in ya jiƙa ƙarfinsa yana raguwa, don haka ba a murza shi da ƙarfi wurin wanki.

Na san abin da teloli za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce mai riga ba ya son biya. Za su ce zare daga nesa yake zuwa, yawancinsa ta Kano da Katsina, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024, kaya suna wuyar samu, sai abin da ka tarar. Gaskiya ne. Ban ce tela ya sayi zare mai tsada da kuɗin aljihunsa ba. Abin da na ce shi ne ya ajiye iri biyu a gaban mai riga, ya faɗi kuɗin kowane, ya faɗi halin kowane. Wanda ya zaɓi mai araha bayan an gaya masa, ruwansa. Wanda aka karɓi kuɗin mai kyau gare shi aka sa masa marar kyau, an cuce shi, ko da bai gane ba sai bayan wata uku.

Kuma wannan don amfanin telan ƙauye ne da kansa. A manyan birane kamar Kano da Yamai akwai kekunan surfani masu aiki da kwamfuta, suna fitar da zane iri ɗaya sau ɗari ba kuskure. Tela mai keken ƙafa a Gangara ba zai yi tsere da su wurin sauri ko yawan zane ba. Inda zai fi su shi ne a san rigarsa ba ta zuba, ba ta ɓarkewa, kuma in wani abu ya faru ga shi nan kusa. A birnin Zariya mata da yawa sun shiga aikin babbar riga na hannu tun daga shekarun 1970, kuma keke bai kashe sana'ar ba, don akwai masu neman aikin da zai daɗe.

Saura makaranta. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, manufar ita ce yaro ya yi karatu da harshensa, ya kuma koyi aikin da ke da amfani a garinsu. To ga aiki nan a bakin ƙofa. Bai kamata a ce allura da zare na ƴan mata ne kaɗai ba, tun da yawancin telolin kasuwanninmu maza ne, kuma masu aska takwas na da ma maza ne. Bai kamata kuma a tsaya ga ɗinke maɓalli ba. Cikin zare akwai awo, akwai lissafi, akwai tarihi, akwai sanin abin da wuta da ruwa ke yi wa kaya. Ko makarantar da ba ta da keke tana iya gayyato telan gari ya zo da nasa rana ɗaya, ya buɗe ƙoshiya yara su gani.

Ga abin da nake so ku yi kafin ranar kasuwa mai zuwa. Kowa ya roƙi guntun zare kamu ɗaya, wurin innarsa ko wurin tela, ya tambayi sunansa da inda aka sayo shi. Wanda kakarsa ke da sauran zaren mazari, ya ce: «Kaka, ki ba ni kaɗan in kai makaranta.» Ku zo da farin tsumma da ɗan sabulu. Ashana kuwa ku bar ta gida, malam zai zo da tasa.