WANDA YA RAINA AKANTA, ZAI BIYA DILLALI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin kasuwanninmu a ɓoye, tun daga Kantin Kwari da Singa da Dawanau a Kano har zuwa kasuwannin Kaduna da Jos da Sakkwato, wato cutar raina aikin alƙalami. Ɗan kasuwa zai biya ɗan dako haƙƙinsa a take, ya biya direban tirela, ya biya wanda ya fito masa da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Ikko ba tare da ja-in-ja ba, amma da zarar akanta ya gama tsara masa lissafin harajinsa na shekara ya faɗi ladan aikinsa, sai fuska ta canza. Sai ka ji Alhaji yana cewa: "Haba ɗana, wannan 'yar takardar ce za ka caje ni kuɗi haka? Ai ko yarona na shago zai iya cika ta." Daga nan sai a miƙa masa na goro, a bi shi da "Allah Ya yi albarka", shi ke nan an sallame shi.

Wannan ɗabi'a tana da asali. Shekaru aru-aru talakan Arewa ya san haraji a matsayin kuɗin da mai unguwa da dagaci ke zuwa karɓa a kan kowane baligi, da jangali da ake karɓa a kan kowace saniya. Ba a buƙatar masani a wannan harka, ƙidaya ce kawai da rasit. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, amma tunanin da suka bari bai tafi ba. Har gobe da yawa daga cikin attajirai suna ganin haraji wani abu ne da ake ciniki a kansa da jami'in gwamnati a bakin shago, shi kuwa akanta ɗan aike ne kawai mai kai takarda ofis.

To amma zamani ya wuce nan. An fara karɓar harajin VAT a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020. Dokar kuɗi ta 2019 ta raba kamfanoni gida uku: wanda cinikinsa na shekara bai wuce Naira miliyan 25 ba an yafe masa harajin kamfani, matsakaici ya biya kashi 20 na ribarsa, babba kuma kashi 30. A watan Yunin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka sake fasalin wannan tsari, suka maye gurbin hukumar FIRS da sabuwar hukumar tattara kuɗin shiga ta ƙasa, suka kuma yafe haraji a kan Naira dubu 800 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Abin tambaya a nan shi ne, wane yaron shago ne yake bin waɗannan sauye-sauye sashe bayan sashe?

Babu shakka abin da ke sa ake raina akanta shi ne ba a ganin aikinsa da ido. Magini ya ɗora bulo kowa ya gani, tela ya ɗinka riga an sa an fita. Shi kuwa akanta idan ya yi aikinsa da kyau, abin da ke biyo baya shi ne shiru: ba a garƙame shago ba, ba a aiko da takardar tara ba, ba a riƙe asusun banki ba. Sai mai dukiya ya ɗauka dama can babu abin da zai faru. Bai san cewa wannan takarda mai shafi kaɗan ta fito ne daga kwanaki na tattara rasitai daga cikin buhu da aljihun tebur, da daidaita su da bayanin banki, da raba kuɗin shago da kuɗin cefanen gida, da sanin wane kashe kuɗi doka ta yarda a cire kafin a lissafa riba, wane ne ba ta yarda ba. Bai san shekarun da aka yi ana zana jarrabawar ƙungiyar ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN mai kwalejinta a kusa da Jos, ko ta CITN, ƙungiyar masana haraji da doka ta tabbatar a 1992 ba.

Ga kaɗan daga abin da araha ke jawowa. Doka ta ba kamfani wata shida bayan ƙarshen shekarar lissafinsa ya miƙa bayanansa, kuma wanda aka yafe wa haraji ma ba a yafe masa miƙa bayanan ba. A tsohuwar doka tarar jinkiri Naira dubu 25 ce a watan farko, sannan dubu 5 a kowane wata. A dokar 2025 ta koma Naira dubu 100 a watan farko, da dubu 50 a kowane watan da ya biyo. Wanda bai ajiye lissafi ba kuwa, hukuma na da ikon ta ƙiyasta masa haraji bisa abin da ta ga ya dace, kuma kwana 30 kacal yake da su ya rubuta ƙorafi, idan suka wuce ƙiyasin ya hau kansa. Haka nan ɗan kwangilar da ake yanke masa wani kaso tun daga tushe kafin a biya shi, yana da haƙƙin a cire masa wannan daga harajinsa na shekara, amma sau nawa ake biya sau biyu saboda babu wanda ya bi sawun takardun? Mutum ya ƙi biyan akanta dubu hamsin, ya je ya zubar da dubu ɗari biyar. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado.

Abin da ya fi wannan muni shi ne inda mai rowa ke komawa. Idan ya kori masani, ba zama yake yi ba, wurin dillalan da ke shawagi a bakin ofisoshin haraji yake nufa, masu cewa "kawo kaza a yi maka takardar shaidar biya yau yau". Wani lokaci takardar ta bogi ce, wani lokaci ta gaske ce amma an same ta ta hanyar cin hanci, wal iyazu billahi. Kuɗin da aka hana mai ilimi ta hanyar halal, sai a ninka shi a bai wa mai ha'inci. Shi kuma matashin da ya yi karatun akanta yana kallo, yana ganin gaskiyarsa ba ta ciyar da shi, ƙaryar wancan kuma ta gina masa gida. Ta haka ake lalata yara masu tarbiyya, a mayar da su masu rubuta littafi biyu, ɗaya na Alhaji, ɗaya na hukuma. Al'ummar da ta ƙi sayen ilimi da daraja, ita da kanta take buɗe wa zamba kasuwa.

Wani zai ce ai su ma akantocin akwai masu tsuga kuɗi, akwai masu karɓa su ɓace, akwai masu haɗa baki da jami'ai su tsorata mai dukiya don a raba. Wannan gaskiya ce, ba a musunta ba. Wani kuma zai ce me ya sa zai wahala a kan harajin da ba ya ganin amfaninsa, ga hanyoyi sun lalace, ga asibitoci babu magani. Wannan ma ƙorafi ne mai tushe. Amma ɓarnar wasu ba ta halatta cin gumin wanda ya yi aiki tsakaninsa da Allah ba, kuma fushi da gwamnati ba a huce shi a kan ɗan'uwa ma'aikaci. Hasali ma wanda ke tsoron a zalunce shi a harkar haraji, shi ya fi kowa buƙatar wanda ya san doka, domin mai lissafi a rubuce ne kaɗai ke iya tsayawa gaban jami'i ko gaban kotun sauraron ƙarar haraji ya ce wannan ƙiyasi bai yi daidai ba.

Kuma rubuta lissafi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ta kuma hana a cutar da marubuci. Ɗan kasuwar da bai san jarinsa da bashin da ake binsa da wanda yake bi ba, ta yaya zai fitar da zakka daidai? Magada nawa ne suka yi shekaru a kotu saboda mamaci ya tafi da lissafinsa a ka?

Saboda haka kira a nan ga matasa ne. Wanda ya karanci wannan fanni, kada kunya ta hana shi yanke lada kafin ya taɓa takarda. Ya zauna da mai aiki cikin ladabi ya ce: "Baba Alhaji, ga abin da zan yi, ga kwanakin da zai ɗauka, ga ladana", a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Ya bayyana masa a Hausa abin da ya tsare masa da tarar da ya kauce wa, domin mutum ba ya daraja abin da bai fahimta ba. Idan aka nemi ya rage ciniki da ƙarya, ya tattara takardunsa ya tashi, arziki na Allah ne. Shi kuwa matashin da ke tsaron shago ko ya fara nasa kasuwanci, ya sayi littafi tun yau, ya rubuta shiga da fita, ya ajiye rasitai na aƙalla shekara 6, ya nemi masani mai rajista, ya biya shi haƙƙinsa cikakke kuma a kan lokaci.

Allah Ya tsare dukiyar Musulmi daga haram, Ya ba masu ilimi ikon riƙe amana, Ya ba masu dukiya ikon sauke haƙƙi. Amin.