Yadda wuƙaƙen 'yan majalisa suka share wa Agustas hanyar mulkin Rum

Tun da sojoji suka karɓe mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar ake ta muhawara kan abin da ke kashe mulkin farar hula. Tarihin Rumawa na da abin cewa a nan, duk da cewa zamani ya bambanta.

Ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu 'yan Majalisar Dattawan Rum, ƙarƙashin jagorancin Burutus da Kasiyus, suka daddaɓa wa Juliyas Kaisar wuƙa har ya mutu. Hujjarsu ita ce ceto jamhuriya, domin wata guda kafin nan an naɗa shi mai cikakken iko har iyakar rayuwarsa. Shekara 17 bayan haka, mutum ɗaya ne ke juya Rum.

Kuskurensu shi ne ɗaukar Kaisar a matsayin cutar, alhali alamarta ce kawai. Tun shekara ta 133, da aka kashe Taiberiyas Girakus saboda dokar rabon filaye ga talakawa, zubar da jini ya zama hanyar warware saɓanin siyasa. Ga kuma sojoji, waɗanda akasarinsu ba su da gona: ladan sallamarsu na hannun janar ɗinsu, majalisa kuwa ta saba jan ƙafa kan batun. Sojan da ya san wanda zai ba shi fili ya san wanda zai bi. Shi ya sa Sulla ya iya shiga Rum da dakarunsa a shekara ta 88, Kaisar ma ya tsallaka kogin Rubikon a ta 49.

Makasan ba su tanadi komai ba game da wannan runduna. Oktabiyan, matashi ɗan shekara 18 da Kaisar ya mayar ɗansa a wasiyya, shi ya gane inda ƙarfi yake. Ya haɗa kai da Antoni da Lefidus, suka fitar da jerin sunayen mutanen da za a kashe a ƙwace dukiyarsu, har da shahararren mai magana Sisero. Suka murƙushe Burutus da Kasiyus a Filibi a shekara ta 42, sannan suka juya wa juna. A yaƙin ruwa na Aktiyum, shekara ta 31, Oktabiyan ya karya Antoni da Kiliyofatira, Masar da hatsinta suka faɗo hannunsa.

Abin da ya yi bayan nan ne ya fi cancantar nazari. Bai kira kansa sarki ba, domin ya ga abin da ya sami Kaisar. A shekara ta 27 ya yi shelar mayar da iko ga majalisa, ita kuma ta ba shi laƙabin Agustas, sunan da watan Agusta ya samo asali daga gare shi. Majalisa ta ci gaba da zama, ana zaɓe, ana rabon muƙamai, amma lardunan da mafi yawan sojoji suke na hannunsa. Ya rage rundunonin zuwa 28, daga baya ya kafa baitulmali na musamman don biyan sojojin da suka yi ritaya, da harajin kashi 5 cikin 100 na gado da kashi 1 na kayan gwanjo. Jama'ar da yaƙi ya gajiyar, musamman masu fatauci, ba su ja da shi ba.

Da ya rasu a shekara ta 14 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), mulki ya koma hannun agolansa Taiberiyas, majalisa kuma ta amince.