Ba Kowane Mai Doguwar Riga Ne "Monk" Ba

Akwai wata ɓarna da wasu masu fassara tarihin Italiya zuwa Turanci suka daɗe suna yi, mu kuwa da ba mu da wata ƙofa ta shiga wannan tarihi sai Turancin, muna haɗiye ta ba tauna. Ɓarnar ita ce, su kwashi muƙaman coci iri-iri na zamanin da, su zuba su a ƙwarya ɗaya, wai don sauƙaƙa wa mai karatu.

Mu ɗauki Sabonarola, wanda aka rataye aka kuma ƙone a birnin Fulorans cikin 1498. Sau nawa muka ga an kira shi "monk"? Haba! Mutumin nan "frate" ne na ɗariƙar Dominik, ba "monaco" ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa. Shi "monaco" ya yi alkawarin zama a gidan zuhudu guda har mutuwa, bisa ƙa'idar Benedik, gidan kuwa yana da gonaki da talakawa masu noma masa. Shi ko "frate" ɗan ƙarni na 13 ne, ɗan birni, an kafa ɗariƙarsa ne don ya fita wa'azi cikin jama'a, ya ci daga sadaka. Fafaroma ya amince da ɗariƙar Dominik a 1216, ya tabbatar da ƙa'idar Faransis na Asisi a 1223. To, in ka ce da ɗalibi Sabonarola "monk" ne, yaya zai gane yadda aka yi ya juya birni guda daga kan mumbari bayan korar gidan Medici a 1494? Sai ya zaci mutum ne da ya tsallake katanga ya shiga abin da ba ruwansa, alhali wa'azi shi ne sana'arsa. Abin takaici, Turanci yana da kalmar da ta dace, wato "friar". Ba talaucin harshe ba ne ke nan, ganda ce.

Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce "pieve". A ƙauyukan arewa da tsakiyar Italiya, wannan ita ce uwar majami'a ta gunduma guda. A nan kaɗai ake yin baftisma, nan ake kai ushiri, ƙananan ɗakunan ibada na ƙauyuka kuwa duk ƙarƙashinta suke. Shugabanta, "pievano", yana da limamai a ƙarƙashinsa, yana kuma da dukiyar da manyan gidaje kan yi rububin ɗora ɗansu a kai. Sai mai fassara ya zo ya rubuta "parish church" da "parish priest". Shi ke nan, ya rushe gundumar. Mai karatu zai hango ɗan cocin ƙauye na Ingila da limaminsa guda, ba zai taɓa fahimtar dalilin da ya sa ƙauyuka suka yi ta shari'a shekara da shekaru don a ba su izinin yi wa 'ya'yansu baftisma a gida ba. Kai, ko a cikin birnin Fulorans, a wuri guda ake yi wa jarirai baftisma, ɗakin San Jobanni, inda aka yi wa Dante tasa.

Sauran ma haka. Katarina ta Siyena, wadda ta rasu a 1380, ba "nun" ba ce. "Mantellata" ce, a gidan ubanta ta zauna, shi ya sa ta iya zuwa har Abinyon wurin Fafaroma a 1376. Mawaƙin nan Fetrarka ya ci albashin muƙamin "canonico" a Farma da Faduwa, amma ba a taɓa naɗa shi limami ba. "Duomo" ma ba kullum ne yake nufin "cathedral" ba: na garin Monza ba kujerar bishop a cikinsa.

Na san abin da za a ce. Za a ce in aka bar kalmomin da Italiyanci, shafi zai cika da baƙin sunaye, mai karatu ya gaji. Ni dai ban ga gajiyar ba. Turanci ya haɗiye "imam" da "sultan" bai shaƙe ba. A bar "pieve" yadda take, a yi mata bayani da jimla ɗaya a karo na farko, a wuce. Inda Turanci ke da kalma daidai, a yi aiki da ita; inda ba shi da ita, kada a ari ta maƙwabta.

Mu kuwa Hausawa bai kamata a yi mana dogon bayani ba, don mun ɗanɗana. Mun ga littattafan da suka mai da malam da liman da na'ibi da ladan duk "priest". Abin da nake tsoro shi ne ranar da ɗayanmu zai zauna ya juya tarihin nan daga Turanci zuwa Hausa. Zai tarar an riga an daka masa su a turmi ɗaya, shi kuma ya ƙarasa, ya kira Sabonarola da Fetrarka da "pievano" duka "fada".