Baƙi Za Su Cinye Faransa Da Haihuwa?

Jama'a, ran nan a ɗakin cin abinci gardama ta kaure tsakanina da wani abokin karatuna. Ya ce wai baƙin da su ke zaune a Faransa sun fi masu ƙasa haihuwa nesa ba kusa ba, har nan gaba kaɗan za su mamaye ƙasar. Ba shi ya fara wannan magana ba, gama wani marubuci Bafaranshe, Renaud Camus, ya baza ta a littafinsa a 2011, mutane da yawa kuwa sun gaskata. Ni dai na ce mu ɗauki alli mu yi lissafi tukuna.

Ga abin da masu ƙidayar jama'a na Faransa su ka samu game da shekarar 2017. Mata baƙi 10 su kan haifi 'ya'ya wajen 26, matan da a ka haifa a ƙasar kuwa 10 su kan haifi 18. To, abokina ya yi gaskiya ta nan. Amma fa cikin mata 100 masu shekarun haihuwa, 12 kaɗai ne baƙi. Watau 88 ɗin nan za su haifi kamar 158, goma sha biyun kuma kamar 31, jimla wajen 190. Da babu baƙi ko ɗaya, da mata 100 sun haifi 180. Ashe duk ƙarin bai wuce 10 ba!

Har wa yau, yawancin matan nan su kan jinkirta haihuwa sai sun iso sun zauna, sa'an nan su haihu a kusa-kusa, shi ya sa lissafin shekara ɗaya ya kan kumbura. 'Ya'yansu mata kuwa da a ka haifa a can, su ka shiga makaranta, haihuwarsu kusan daidai ta ke da ta maƙwabtansu. Ko a Tunisiya, inda mace ta kan haifi wajen 7 a 1960, yau ba ta wuce 2.

A ganina ilmi da tsadar zama su ke rage haihuwa, ba jini ba. Mu da za mu zama malamai, gobe 'ya'yan baƙi za su zauna a ajinmu. In mun ɗauke su abin tsoro, za mu cuce su. Mu koya wa yara su yi lissafi kafin su gaskata jita-jita.