Maharbi, kafin ka saki wuta ka duba hantsarta

Yau zan ɗan fita daga layin kaji da kifi, amma in kun yi haƙuri za ku ga duk tafiyar ɗaya ce.

Daminar bara, cikin watan Agusta, wani dattijo maharbi da muke mutunci da shi ya yi min sallama da sassafe, riƙe da kwalin taliya. Ina buɗewa sai ga ɗan gada, bai fi girman kyanwa ba, ko cibiyarsa ba ta gama bushewa ba. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai haƙurin rainon 'yan tsaki, gwada wannan." Na ce, "Baba, ina uwar?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce da daddare ya haska fitilar goshi, ya ga ido biyu na ƙyalli, ya saki wuta. Sai da ya zo fiɗa ya ga hantsa cike da nono. Gari na wayewa ya koma wurin, karensa ya gano ɗan a kwance cikin ciyawa.

Wallahi na yi iya yi na. Na nemo nonon akuya ina ba shi a fida, na ajiye shi kusa da tukunyar gawayin da nake ɗumama 'yan tsaki da ita. Kwana biyu yana sha, a na uku gudawa ta kama shi, a na shida na tarar da shi ya miƙe. Harsashi ɗaya, rai biyu, kuma naman ɗaya kaɗai aka ci.

Ban kawo labarin nan don in zagi maharba ba, don ni ma na taɓa yin irinsa a gidana. Wata Sallah kuɗi suka yanke min, na kama kazar gida mai 'yan tsaki tara na kai kasuwa, wai ai sun fara tsattsaga da kansu. Cikin sati biyu shirwa da sanyin dare suka bar min uku. Kuɗin da na karɓa bai kai rabin abin da na rasa ba. Tun daga ranar ba na sayar da kaza mai kwanci ko mai jan 'ya'ya, komai matsi.

Ra'ayina a fili yake: kada a harbi gada, barewa ko mazo matuƙar tana shayarwa ko tana ɗauke da tsohon ciki. Kuma ya kamata mu tsayar da lokacin da za a ajiye bindiga gaba ɗaya.

Mu yi lissafi irin namu na masu kiwo. Kaza kwana 21 take ƙyanƙyashewa, ta fito da goma ko fiye. Zabuwa kwana 26 zuwa 28. Uwar tarwaɗa guda ɗaya tana ba ka ƙwai dubbai, cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi sun fashe. Gada da barewa fa? Ciki na wata shida ko fiye, kuma ɗa guda ɗaya tak. To dabbar da haihuwarta ke tafiyar hawainiya haka, in ana kashe uwa da ɗa tare, da me dajin zai mayar da gurbinsu? Mu da muke kaffa-kaffa da iyayen kifi duk da yawan ƙwansu, mu ya fi kamata mu gane wannan.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a makonnin farko ɗan ba ya bin ta ma. Ɓoye shi take yi cikin ciyawa ko ƙarƙashin sabara, ta tafi kiwo nesa, ta riƙa dawowa tana shayar da shi. Wannan ya haifar da kuskure biyu. Maharbi ya gan ta ita kaɗai, sai ya ɗauka ba ta da ɗa. Manomi ko yaro mai kiwo ya tsinci ɗan shi kaɗai, sai ya ɗauka maraya ne, ya kwaso shi gida, alhali uwar na nan kusa tana jiran ya wuce. In ka tsinci irinsa a gona, ka bar shi inda yake.

Addininmu ma bai bar maganar nan ba. A Sahih Muslim akwai labarin mutumin Madina da ya ɗauki wuƙa zai yi wa Annabi (SAW) yanka, Annabi ya gargaɗe shi da ya guji mai ba da nono. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi ya umarce su da su mayar mata. Farauta halas ce, ba wanda ya ce ba haka ba. Hukuncin fiƙihu na bar wa malamai, amma tausayin da ke cikin ruwayoyin nan kowa na iya ganinsa.

Na san abin da wasu za su ce, don dattijon nan ya faɗa min: "Ɗana, in na bar ta, wani ne zai harbe ta gobe, ni kuma gidana ba hatsi." Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Damina ita ce lokacin da rumbu ke ƙarewa, mai iyali kuma ba ya jin wa'azi da yunwa. Shi ya sa ƙyale uwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an haɗu an yi yarjejeniya. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Farautar gayya ta iyayenmu da rani ake yin ta, bayan an kai amfanin gona gida. A Argungu, ba don ana hana su a Matan Fada kafin ranar biki ba, da ba a ga giwan ruwan da ake fitowa da su ba. A Gana kowace shekara ana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba saboda lokacin ciki da shayarwa ne, gyauji kaɗai ake bari, shi ma sai da lasisi. A Amurka barewar dajinsu na haihuwa ne a Mayu da Yuni, farautarta kuma sai da kaka, lokacin da 'ya'yan sun iya rayuwa da ciyawa.

Sai dai rufe damina kaɗai ba zai wadatar ba, domin gada kan haihu a kowane lokaci na shekara. Dole ido ya yi aiki. Namijin gada ne ke da ƙaho, macen galibi ba ta da shi. A barewa duka biyun na da ƙaho, amma na macen ya fi siriri da gajarta. Da rana mai lura zai bambance, har ya ga hantsa ko ciki. Da fitilar dare kuwa ido kawai kake gani. Tarkon waya shi ma ba ya tambayar mace ce ko namiji. Waɗannan biyun su ne suka fi cinye mana uwaye.

Wanda yake ganin daji ba ya ƙarewa ya tambayi tsofaffin garinsu yaushe rabon da su ga gwanki ko kanki a bayan gari. Yanzu mai son ganin irinsu sai ya nufi wuri kamar Yankari. Warwaji, farin nan mai dogon ƙaho na yankin Sahel, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji. Sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace a ƙasashen waje. Kiwo ne ya cece shi.

Mu ma masu kifi da kaji kada mu wanke kanmu. Ruwan farko na sauka, tarwaɗa ta hauro fadama don zuba ƙwai, mu tare ta da taru mu kwashe. A ja gidan sauro a tafki, har karfasar da ke riƙe da 'ya'yanta a baki ba ta tsira ba. Mu sayi ƙwan zabin daji da aka kwashe sheƙa kaf, mu sa wa kaza. Duk cin iri ne, kuma manomin da ya cinye irinsa ya san abin da ke jiransa.

Ga abin da nake roƙo. Sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin maharba su zauna da masu unguwanni su tsayar da watannin hutu, ko da daga faɗuwar damina zuwa girbi ne. A bar harbin fitila da tarkon waya. Mu masu saye mu daina karɓar naman mai nono ko mai ciki, mu daina sayen 'ya'yan gada don yara su yi wasa, don ciniki ne ke tura mutum daji. Wanda kuma yake da hali ya taimaki maharbin unguwarsu da abin riƙewa a damina. Ni dai dattijon nan na ba shi zomaye, mata biyu da namiji ɗaya. Zomo wata guda ne cikinsa, ya zuba shida ko bakwai. Ban ce ya ajiye bindiga har abada ba, amma daminar bana a gida na riƙa samunsa yana yankar musu ciyawa.

A yankinku akwai watannin da ake hana farauta ko su? Ku faɗa mana yadda ake yi, wataƙila wani gari ya ɗauka.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya ba mu tausayin abin da ba ya iya magana.