Gadon Rataye Da Mai Faɗin Kafaɗa

Wata takarda ta zo wa wannan fili daga wani mai karatu a ƙasar Misau. Ya ce shi manomin rani ne a fadamar kogin Misau, kuma tun daga lokacin da kankana ta fara nuna har a gama kwasar albasa, a gona yake kwana saboda ɓarayi. Kwanan tabarma ya ishe shi, ga danshin fadama, ga kunama, ga fargabar maciji. Wani ƙanensa da ke karatu a Bauci ya nuna masa hoton wani irin gadon rataye mai sanduna biyu, wanda Turawa ke kira mai siffar gada, ya ce zai iya sayo masa ta intanet. Shi kuwa mutum ne dogo, ƙafa 6 da inci 3, ga faɗin ƙirji, nauyinsa kilo 115. Tambayarsa ita ce, shin wannan gado zai ɗauke shi, ko kuwa asarar kuɗi zai yi?

Tambayar ba tasa ce shi kaɗai ba. Ta shafi direbobin manyan motoci da ke kwana a gefen hanyar Kano zuwa Azare zuwa Fataskum, ta shafi mafarauta da masunta da masu gadi, har da samarin da ke ɗaukar jaka su tafi Yankari hutu. Fargabar macijin kuwa ba tsoron banza ba ne. Binciken da Dakta David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya nuna cewa kumurci yakan sari mutane da dare suna barci a ƙasa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Wanda ya taɓa raka majinyaci asibitin saran maciji na Kaltungo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Saboda haka niyyar ɗaga jiki daga ƙasa niyya ce mai kyau. Saura a san da me za a ɗaga shi.

Shi gadon rataye ba baƙo ba ne gare mu. Kakanninmu sun san shi da sunan amuku, abin da 'yan dako ke ɗaukar Turawan mulki a ciki in za su rangadi. Kolumbus ya gan shi a wajen mutanen tsibiran Karibiyan a 1492. Daga nan ya shiga jiragen ruwa, har ya zamana a rundunar ruwa ta Ingila inci 14 kacal ake ba kowane matuƙi ya rataya nasa. Ke nan tun fil azal ba a yi abin don masu faɗin kafaɗa ba.

Iri biyu ne a kasuwa yanzu. Na farko shi ne na gargajiya, watau dogon ƙyalle da aka tattara bakinsa biyu aka ɗaure da igiya. In mutum ya kwanta a miƙe cikinsa sai ya lanƙwashe kamar ayaba, shi ya sa waɗanda suka iya shi ke kwanciya a karkace. Na biyu shi ne wanda mai takardarmu ya gani, wanda ya fara yaɗuwa a Amurka cikin shekarun 2000. An sa masa sanda ɗaya a wajen kai, ɗaya a wajen ƙafa, don su buɗe ƙyallen. An yanka gefunansa biyu a lanƙwashe, an bi su da ɗamara mai ƙarfi, ita ce ke ɗauke da nauyin mutum, kamar yadda manyan wayoyi biyu ke riƙe da gadar Golden Gate ta birnin San Faransisko. Amfaninsa a fili yake: mutum yana kwanciya a miƙe sak kamar a kan katifa, yana iya juyawa ta gefe, waɗansu har rubda ciki suke yi. Mai ciwon baya zai so shi.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Dogon mutum abin da ya fara dubawa a jikin kwali shi ne tsawo, alhali kuwa tsawon ne mafi sauƙin samu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna, watau Ridgerunner na kamfanin Warbonnet da ke jihar Kolorado, masu shi sun ce yana ɗaukar mai tsawon ƙafa 6 da inci 6. Ta wannan fuska malaminmu na Misau ya tsira. Abin da ke hana mai girman jiki barci shi ne faɗi. Gadon nan kwami ne, kamar kwalekwale. Da zarar nauyi ya sauka a tsakiya sai bangon ƙyallen biyu su taso su matse kafaɗu, su tura su ciki. A minti goma na farko mutum ba ya jin kome. Can tsakar dare sai ya farka hannuwansa sun mutu, wuya ya sage. Kuma ƙyallen ba faɗi ɗaya gare shi ba. Ya fi faɗi a wajen sanda, sa'an nan ya yi ta tsukewa har tsakiya, watau daidai inda ƙugu da gwiwar hannu suke. Don haka sanda mai kusan mita ɗaya ba ta nufin mutum ya sami filin kwanciya na mita ɗaya.

Mai karatu zai ce, to, me ya hana su tsawaita sandar? Akwai dalili. Igiyoyin da suka tashi daga bakin sandar biyu suna haɗuwa a wuri ɗaya, suna matse ta daga gefe da gefe. Siririyar sanda kuwa, in aka ninka tsawonta biyu, ƙarfin da take da shi na jure irin wannan matsi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ko daga inci 36 zuwa 44 aka ƙara, ta yi asarar kusan sulusin ƙarfinta. Sai dai a ƙara mata kauri, kaurin kuwa nauyi ne, su kuma masu ƙera kayan nan mutanen da ke goya kayansu a baya su hau duwatsu suke yi wa. Kowane giram lissafa shi suke yi. Manomin Misau da zai ɗaura kayansa a bayan babur ko amalanke bai damu da wannan ba, amma shi zai biya kuɗin sauƙin nauyin da ba ya bukata.

Sa'an nan ga maganar nauyin da gadon ke ɗauka. Da yawa daga cikin irin waɗannan, har da wanda muka ambata mai ƙyalle ninki biyu, iyakarsu fam 250 ne na ma'aunin Turawa, watau kilo 113. Mai kilo 115 ya riga ya haye iyaka tun bai rufa da bargo ba, tun bai ajiye tocila da adda a gefensa ba. Ba lalle ne ya yage a daren farko ba. Amma wanda ke kwana a gona wata uku a jere ba daren farko yake saye ba.

Ra'ayina ke nan, Malam: kada ka sa ƙanenka ya sayo wanda kuka gani a hoto, sai fa in mai sayarwa ya rubuta a fili cewa yana ɗaukar kilo 135 ko fiye, ya kuma faɗi tsawon sandar kai. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka zama sai wane da wane, kuma abin da aka kawo daga ƙetare ba a mayar da shi don ya matse kafaɗa. In kana son na saye mai sauƙin kuɗi, nemi na gargajiya mai tsawon ƙafa 11 ko 12, mai faɗin ƙafa 5 da rabi ko fiye, ka koyi kwanciya a karkace. Wannan ya fi yafe wa mai jiki, don ba shi da sandar da za ta karye.

In kuwa mai sandan ne zuciyarka ta kwanta da shi, to, a ɗinka maka a gida. Ba abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfin masu ɗinkin tamfol da kujerun mota na Azare ko Misau. Fara da awo. Jingina da bango, wani ya sa alama a bakin kafaɗunka biyu, sa'an nan ka kwanta a tabarma yadda ka saba barci a auna daga gwiwar hannu zuwa gwiwar hannu. Awo na biyu shi za a bi, don ba wanda ke barci a ƙame kamar soja a fareti. A tsawo kuma a ƙara taƙi ɗaya a kan tsawonka. Ƙyallen ya zama yadin tanti mai ƙarfi, a ninka shi biyu. Ɗamarar gefe kuwa, ba abin da ya kai bel ɗin kujerar mota, wanda ake samu wajen 'yan gwangwan, domin an yi shi ne don ya riƙe mutum a lokacin haɗari, kuma ba ya miƙewa. A tabbata dai ba wanda rana ta cinye ba ne. Sanda kuma mai walda ya yanko bututun ƙarfe, ya goge bakinsa don kada ya ci igiya. Gwangwala ba ta yi, kada a ma gwada. Igiyoyin da ke tashi daga bakin sanda su yi kusan tsawon sandar kanta, gama in suka gajarta matsin da ke kanta ƙaruwa yake yi.

Akwai ciniki ɗaya da tilas mutum ya yi da kansa. In aka buɗe ƙyallen sosai kafaɗa ta huta, amma gadon yakan yi saurin kifewa in an jingina gefe ɗaya. In aka bar shi da zurfi ya zauna daram, amma ya matse. Gara a sa tela ya bar faɗin ƙyallen da ɗan yalwa, a gwada sanda biyu ko uku masu tsawo dabam dabam. Bututu ba shi da tsada.

Wajen ratayewa ne mutanenmu suka fi yin kuskure, don mun saba ɗaure igiyar shanya tamau. Gadon rataye ba ya son haka. In igiyar ta sauko daga itace a karkace da digiri 30, kowane ɓangare yana jan daidai nauyin mutum, watau kilo 115 ga malaminmu. In aka ƙara ɗaurewa ta koma digiri 15, jan ya haura kilo 220. A digiri 10 ya wuce 330. Nan ne ɗinki ke ɓarkewa, sanda ta lanƙwashe. Mai sanda yakan so a ɗan ja shi fiye da na gargajiya, wajen digiri 25, amma kada a wuce haka. Ma'aunin yana hannunka: miƙe manuniya a kwance, ɗaga babban yatsa sama, layin da ya haɗa kawunansu biyu kusan digiri 30 ne. Tsakanin itatuwan a sami kamar mita 4 da rabi zuwa 5, kuma in ka zauna a gadon tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa.

Darbejiya da tsamiya da mangwaro duk sun yi, in dai gindin ya kai kaurin cinyar babban mutum kuma ba busasshen reshe a sama. Masu cewa tsamiya gidan mutanen ɓoye ce, wannan tsakaninsu da ita. Wadda zan hana ita ce giginya mai 'ya'ya, don ɗa ɗaya in ya faɗo daga can sama ya isa ya fasa kai. A kewaya itacen da ɗamara mai faɗi, ba siririyar igiya ba, don kada a kashe ɓawon. Shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa kuwa rana na cinye ta ba tare da ta nuna ba.

Sauran abu biyu. Sauron fadama yana cizo ta cikin ƙyalle daga ƙasa, inda baya ya manne, shi ya sa na ce a ninka, a kuma rataya gidan sauro mai magani ya lulluɓe gadon har ƙarƙashinsa. Da hunturu kuma iska ta ƙasa take shiga, bargon da aka danne da jiki ba ya riƙe ɗumi. A bar baki ɗaya a buɗe tsakanin ninkin biyu, a cusa siririyar katifar soso ko tsohon bargo mai kauri. Takalmi a rataye shi, da safe a kakkaɓe kafin a sa ƙafa.

Ranar da tela ya gama, kada ka fara hawa. Rataya shi ƙasa ƙasa a kan rairayi, ka jera buhun taki uku a ciki, kilo 150 ke nan, ka bar su su kwana. Da safe ka duba ɗinkin kusurwoyi huɗu, ka kuma ɗora sandunan a kan siminti ka mirgina su ka ga ko har yanzu a miƙe suke.